Wa Aka Tsallake a Rabon Yau?

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7
Ka duba kuma: Rut sura 2, Maimaitawar Shari'a 24:14-15, Yakubu 2:1-9

Ɗan'uwa mai karatu, kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta ayoyin nan bakwai na Ayyukan Manzanni sau biyu, a hankali. Darasin nan naka ne idan Allah ya sa mutane a ƙarƙashinka a wurin aiki, ko kai ne mai gareji da yara goma, ko shugaban makaranta, ko mai kula da leburori a wurin gini. Naki ne ke ma 'yar'uwa, idan ke ce babba a ɗakin haihuwa ko mai shagon ɗinki. Haka kuma idan kai ne wanda kullum ake mantawa da shi, akwai maganarka a ciki.

Abin da ya faru a Urushalima

Rigima ta farko da Luka ya rubuta mana tsakanin wani sashe da wani sashe na ikkilisiya, a kan abinci aka yi ta. Masu bi sun fara ne su wajen 120. Ranar Fentikos aka ƙara wajen 3,000, bayan ɗan lokaci kuma yawan maza kaɗai ya kai wajen 5,000. Masu hali suna sayar da gonaki da gidaje, suna kawo kuɗin wurin manzanni, daga nan ake raba wa mabukata. A cikin wannan hidima akwai rabon kowace rana domin gwauraye, wato matan da mazansu suka rasu. Aiki ne sosai: akwai kuɗi, akwai ma'aji, akwai masu kai wa gida gida.

Dukansu Yahudawa ne, dukansu sun gaskata da Yesu Almasihu, amma iri biyu ne. Akwai Ibraniyawa, 'yan ƙasa, waɗanda aka haifa a Yahudiya da Galili, harshensu na gida Aramiyanci ne. Manzanni daga cikinsu suke. Akwai kuma waɗanda kakanninsu suka watsu a Masar da Kurane da Asiya da sauran ƙasashe. Tun zamanin Iskandari Mai Girma, wanda ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Almasihu, Helenanci ya zama harshen kasuwa da mulki a waɗannan ƙasashe, har Yahudawan can suka fassara Attaura zuwa Helenanci a birnin Iskandariya. Da waɗansunsu suka komo Urushalima da zama, sun zo da harshensu da irin tufafinsu, suna da majami'unsu na kansu. Masana da yawa suna ganin cewa tsofaffi ne da dama a cikinsu, sun komo domin su mutu a birni mai tsarki. In tsoho ya rasu, sai ya bar matarsa a garin da ba ta da dangi, ba ta kuma jin harshen maƙwabta.

Waɗannan mata ne ake tsallakewa a rabo.

Ka lura, Luka bai ce wani ya yi haka da mugunta ba. Bai ambaci ɓarawo ba, bai ce an ƙulla makirci ba. Ka sa kanka a matsayin saurayin da aka ba kwandon gurasa. Ya san gwauruwar unguwarsu, ƙawar kakarsa ce. Ya san ta bayan kasuwa, gama tare suke sujada. Waccan tsohuwa kuwa ta lungu, wadda in ya gaishe ta ba ta gane ba, in ta amsa shi ma bai gane ba, ko sunanta bai sani ba. Zai koma gida da yamma da zuciya fara, yana gode wa Allah domin hidimar da ya yi, ita kuwa za ta kwana da yunwa. Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Mafi yawan wariyar da ake yi a wuraren aikinmu irin wannan ce, mutanen kirki ne suke yinta ba da saninsu ba.

Kai Ba'ibrane ne ko Baheleni?

Mu masu jin Hausa mun san gefe biyu na wannan labari, ya danganta ga garin da muka kwana. Idan kana aiki a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, kai ne ɗan gida. A shekara ta 2025 ma hukumar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A wurin aikinka kuwa akwai Bazabarme da aka turo daga Dosso, akwai Bagurmance daga yamma, akwai Babarbare, akwai Ba'abzine, wataƙila har da malami daga Binin ko Togo. Amma ka hau mota ka sauka Kumasi, nan take ka zama ɗan zango, ana magana da Tuwi a kanka kana tsaye. A Garwa da Marwa Fulatanci ne ke tafiyar da kasuwa, a Injamena kuwa Larabcin Chadi. Mutum ɗaya, yau Ba'ibrane, gobe Baheleni. Abin mamaki shi ne, wanda ya sha zafin zama baƙo a can yakan manta da zafin da zarar ya komo gida ya hau kujera.

To, mene ne rabon yau da kullum a wurin aikinka? Ba gurasa kake rabawa ba, amma kana rabo kowace rana. Kai ne kake cewa wa zai yi aikin dare, wa zai tafi hutu lokacin Kirsimati ko Sallah, wa za a tura ƙarin karatu, wa zai sami bashi kafin ƙarshen wata. A gareji, akwai yaron da maigida yake kira ya tsaya kusa da shi in za a buɗe inji, akwai kuma wanda shekara uku ke nan aikinsa wanke ƙarafa da sayo shayi. Ka tambayi maigidan, zai rantse maka bai bambanta su ba. Ka duba da kyau, sau da yawa na farkon ɗan garinsu ne, na biyun kuwa Hausarsa ba ta fita sosai.

Akwai rabo mafi ɓoyuwa, wato rabon labari. Ana zama taro a ofis da Faransanci ko Turanci, kowa yana nan, a tashi ba a yanke kome ba. Da yamma mutum huɗu su zauna gindin bishiya suna shan shayi, da harshensu na gida, a nan ne ake yanke maganar. Ba wanda ya hana na biyar zuwa. Ba wanda kuma ya kira shi. Gobe sai ya ga takarda manne a bango, a ce masa ai kowa ya sani.

Abin da manzanni suka yi

Gunaguni abu ne da Littafi Mai Tsarki ya tsawata a kansa ƙwarai. Ka tuna da Isra'ilawa a jeji. Da manzanni sun ga dama, da sun yi wa'azi mai zafi a kan gunaguni, su kawo ayoyi, maganar ta mutu a nan. Shugabanni da yawa haka suke yi, har a ma'aikatun ikkilisiya: wanda ya kawo kuka sai a ce ba shi da ruhaniya, ko a ce yana kawo ƙabilanci. Manzanni ba su yi haka ba. Ba su nemi wanda ya fara maganar ba. Sun ɗauka cewa ruwa ba ya tsami banza, suka kira dukan taron masu bi, aka yi maganar a fili.

Sun kuma yarda aikin ya fi ƙarfinsu. Mutum goma sha biyu ba za su iya riƙe wa'azi da addu'a da kwandon gurasa na dubban mutane gaba ɗaya ba. Ba su ce za su ƙara ƙoƙari ba. Ƙara ƙoƙari da tsohon tsari, tsohon sakamako zai haifar. Suka sake tsarin.

Wata hanya mai sauƙi tana nan da ba su bi ba, ita ce a raba tukunya biyu, Ibraniyawa su ciyar da nasu, Helenawa su ciyar da nasu. Da an huta da rigima a ranar, amma da an sami ikkilisiya biyu a Urushalima tun ba a je ko'ina ba. Ka san ma'aikatun da suka bi wannan hanya: sashen kaza na mutanen kaza ne, kowa ya sani, ba mai faɗi.

Ga abin da suka yi. Suka faɗi irin mutanen da ake bukata, masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu Mai Tsarki da hikima, su bakwai. Suka bar wa jama'a zaɓen. Yanzu ka karanta sunayen da ƙarfi: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, Nikolas. Duka bakwai sunayen Helenanci ne. Gaskiya ne waɗansu Ibraniyawa ma suna da irin waɗannan sunaye, Andarawas da Filibus na cikin sha biyun misali ne, amma a ce bakwai cikin bakwai, wannan ba dace ba ne kawai. Na ƙarshen ma, Nikolas mutumin Antakiya, ba haifaffen Bayahude ba ne, shiga addinin ya yi. Taron da ake kuka da shi ya zaɓi mutane daga gefen masu kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, gama a nan ne yawancinmu muke ja da baya. Ba a naɗa mutanen nan su lura da gwaurayen Helenawa kaɗai ba. An danƙa musu dukan rabon. Wato daga ranar, abincin tsohuwar Ba'ibraniya, watakila uwar wani babba a ikkilisiya, yana hannun mutanen da jiya ake tsallake nasu iyayen. Manzanni suka yi addu'a, suka ɗora musu hannu a gaban kowa, domin kada gobe wani ya ce bai san su ba. Ɗaukar mutum ɗaya daga wata ƙabila a sa shi cikin kwamiti domin a cika ido, ba shi da wuya. Yana zaune, ana gaishe shi, ba ya sa hannu a kome. Miƙa masa mabuɗin sito shi ne gwajin. Ka tambayi kanka, a wurin aikinka wa yake riƙe da mabuɗi, wa yake riƙe da littafin kuɗi, wa yake rubuta jerin masu aikin dare? In dukansu harshe ɗaya suke yi da matansu a gida, to, akwai tsohuwar da ba a kai wa gurasa ba, ko da ba ka ji kukanta ba tukuna.

Wani zai ce, ashe ba cancanta ya kamata a bi ba? I, ita ce. Manzanni ba su rage mudu ba ko kaɗan. Ba su ce a kawo kowane Baheleni ba, sun ce a kawo masu shaida da Ruhu da hikima. Da aka duba kuwa, sai ga su nan har bakwai. Ɗayansu, Istifanas, ya tsaya gaban majalisa ya yi jawabin da ya fi kowane tsawo a littafin, shi ne kuma na fari da ya ba da ransa saboda Yesu. Filibus ya kai bishara Samariya, ya yi wa babban ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma. Mutanen nan suna cikin taron tun dā. Ba a rasa masu cancanta ba, ido ne bai kai wurinsu ba. Sau da yawa in shugaba ya ce bai sami wanda ya iya ba a cikin mutanen can, nufinsa bai taɓa zama da su ba.

Randa ɗaya, moɗa ɗaya

Bo'aza manomi ne mai ma'aikata. Wata safiya ya zo gona ya tarar da baƙuwa tana kala, 'yar Mowab, gwauruwa, matalauciya. Shari'ar Musa ta riga ta ba baƙo da gwauruwa izinin kala, saboda haka da ya yi shiru ma bai karya doka ba. Amma ya san samarinsa, ya san abin da yakan sami mace baƙuwa a gonar da ba ta da kowa. Sai ya umarce su kada su taɓa ta, kada kuma su kunyata ta. Ya ce ta sha daga tulunan da ma'aikatansa suke sha. Da lokacin cin abinci ya yi, ya kira ta ta zauna tare da masu girbi, ya miƙa mata abinci da hannunsa.

Mu ma muna da doka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 111 a shekara ta 1958, wadda ta hana nuna bambanci wajen aiki saboda launin fata, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko asali. Gana ta amince da ita a 1961, Nijar a 1962, Chadi da Kamaru da Nijeriya ma duk sun amince daga baya. A 2003 Nijar ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuffuka. Duk wannan abin godiya ne. Amma takarda ba ta zuwa bakin randa. Har yanzu akwai wurin aikin da ake rada cewa wane asalinsa bawa ne, ko ɗan maƙera ne, ko ɗan mahauta, ba za a sa shi gaban 'ya'yan manya ba. Akwai wanda ya warke daga kuturta, ya sha maganinsa ya gama, ba ya harbin kowa, amma an ware masa moɗarsa daban. Akwai yarinyar da take jin tsoron zama ita kaɗai a ofis da wani babba, kowa ya san dalili, kowa ya kawar da kai. Irin wannan ba ya gyaruwa sai maigida ya buɗe baki a gaban ma'aikatansa kamar Bo'aza, sa'an nan ya ɗauki moɗar ya sha da kansa. An ce zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi, wanda kuwa ya daɗe yana ci shi kaɗai a bayan ɗaki ya fi kowa sanin haka.

Bari mu taɓa maganar wasa. Wasan taubasai baiwa ce a ƙasashenmu. Bafillace da Babarbare, Bazabarme da Ba'abzine, Bagobiri da Bayarabe, su yi ta zolayar juna, a yi dariya, faɗa ya mutu. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya. Amma daɗin wasan shi ne kowa yana iya ramawa. In kai ne mai biyan albashi, yaronka ba zai iya rama maka ba. Zai yi dariya domin yana da iyali, ya tafi da abin a ransa. Haka nan kwaikwayon Hausar wanda ba ya iya faɗin ƙasa sai kasa. Ka karanta Littafin Mahukunta sura 12, ka ga inda aka tsare mashigin Urdun ana gwada mutane da kalma ɗaya, wanda harshensa ya karkace a kashe shi, har mutum 42,000 suka mutu. 'Yan'uwan juna ne kuwa, dukansu zuriyar Yakubu.

Abokin aikin da ba addininku ɗaya ba

A yawancin garuruwanmu Kirista kaɗan ne, saboda haka in kana da ma'aikata, da wuya a rasa Musulmi a cikinsu. Shari'ar Musa ta ce a biya ɗan ƙodago hakkinsa kafin rana ta faɗi, ba ta kuwa bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba a wannan. Kai da kake so a sake ka ranar Lahadi, ka tsara aiki yadda shi ma zai je masallaci ranar Jumma'a. A watan azumi ka sa aiki mai nauyi da safe. Wannan ba musun bangaskiyarka ba ne. Asibitin Galmi, wanda 'yan mishan suka buɗe a 1950, ya yi suna ne a ƙasar Hausa saboda ba a tambayar addinin marar lafiya kafin a duba shi. Kada kuma ka mai da aiki ko ƙarin girma ƙugiyar kama mutane zuwa majami'a. Wanda ya zo domin albashi zai tafi ranar da albashin ya tsaya, sunan Almasihu kuma ya ɓaci a gari. Yakubu ya kira tara zunubi, bai ce sai in an yi wa mai bi ba.

In kai ne ake tsallakewa

Kukan Helenawa bai amfana kome ba muddin yana yawo a lungu, sai da ya kai kunnen manzanni. Ka kai naka inda za a iya gyarawa, ka tafi da abin da za a iya dubawa: wata kaza da wata kaza ni ne na yi aikin dare, ga takardar. Daniyel a Babila bai yi zagi ba, ya roƙi mai lura da su ya gwada su kwana goma ya gani. Mai yiwuwa ne a ji ka, mai yiwuwa kuma a ƙi, gama ba kowane shugaba ne manzo ba. Amma in ranar ta zo aka miƙa maka mabuɗi, ka tuna ba mu ƙara jin kuka a kan rabo a Urushalima ba. Bakwai ɗin nan ba su rama a kan gwaurayen Ibraniyawa ba. Luka ya ce bayan wannan Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, har firistoci masu yawa, waɗanda su ne Ibraniyawan Ibraniyawa, suka ba da gaskiya.

Aikin wannan mako

Ka sami takarda ka rubuta sunan kowane mutum da yake aiki a ƙarƙashinka, har da maigadi da mai shara. A gefen kowane suna ka rubuta harshen da yake yi a gida, da abin da ya samu daga hannunka cikin shekarar nan, hutu ko bashi ko koyarwa ko ƙarin girma, da ranar ƙarshe da ka zauna da shi kuka yi hira. In akwai wanda ba ka san harshensa ba, ko garinsu, ka fara da shi gobe da safe. Ka kai takardar gaban Ubangiji cikin addu'a, kana kiran sunayen ɗaya ɗaya. Sa'an nan ka nuna ta ga wani amintacce wanda ba ɗan ƙabilarku ba ne, ka roƙe shi ya faɗa maka abin da ya gani, kada ka katse shi.

A darasi na gaba za mu bi masu bi da suka watsu bayan mutuwar Istifanas har zuwa Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista. Ka karanta Ayyukan Manzanni 11:19-26 da 13:1-3 kafin lokacin, ka nemi ƙasar da kowane ɗaya daga cikin shugabannin nan biyar ya fito.